Ciwon da Na Aro a Littafi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Asabar ɗin da son karatu ya sa na tara wa mahaifiyata rabin danginmu a tsakar gida.

Ni mutum ce mai son littafi, amma kaina kwando ne. Sai in karanta littafi daga bango zuwa bango, in yi kuka a inda ake kuka, in yi dariya a inda ake dariya, bayan 'yan kwanaki a tambaye ni abin da ke ciki in tsaya ina kallon mutum kamar ya yi mini yaren da ban taɓa ji ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, kuma babu dabarar da ban gwada ba. Na sayi alƙaluman nan masu launi da ake shafa wa muhimmin layi, sai ya zamana kowane layi a wurina muhimmi ne, shafi ya koma rawaya kamar an ɓarar masa da gangamau. Na sayi 'yan takardu masu mannewa na liƙe gefen littafi har ya yi gashi kamar kaza. Ina da abin sa alama na fata, aikin dukawa, ina da 'yar fitila mai maƙalewa a bango saboda ranar da aka ɗauke kuran. (Kayan aiki dai kamar na mai shirin buɗe lakwal ya tara ɗalibai. Abin da ke kai ne babu.)

A biro ɗinmu, wato ofishin da nake aiki, akwai wata babbar ma'aikaciya, Madam Zainabu, wadda in ta ba ka labarin littafin da ta karanta tun tana budurwa sai ka rantse jiya ta ajiye shi. Wata rana ta ga littafina a kan tebur da gashinsa da rawayarsa, ta ɗaga shi da yatsa biyu.

"Wannan karatu kika yi masa ko lalle?"

Na faɗa mata damuwata. Ta ce, "Ke matsalarki kina karatu kamar mai cin abinci a tsaye. Da farko ki kashe salula, ki kashe ta gaba ɗaya, ba ki sa ta shiru ba. Sannan duk babin da kika gama, rufe littafin ki ba da labarin da bakinki, da Hausarki. Kuma kada ki ce 'ta yi kaza', ki ce 'na yi kaza'. Ki shiga rigar mai labarin. Mutum ba ya manta abin da ya same shi."

Shawarar ta shige ni. Sai dai ba ni da wanda zan riƙa ba labarin. Ni ce auta a gidanmu, ban yi aure ba, daga ni sai Inna muke zaune a unguwar Koira Kano a Yamai tun rasuwar Baba, kuma na san in Inna ta ji ina magana ni kaɗai a ɗaki, rubutun sha zan tarar a kofi kafin in fito. Don haka na samo tawa dabarar: in na gama babi sai in kunna salula, in ɗauki saƙon murya kamar mai magana da wani, in tura wa lambata, in sake kashewa. Da safe a cikin taksi in sa abin kunne in saurari kaina.

Kuma wallahi abin ya yi aiki. Na fara riƙe labari, har sunayen garuruwa. Daga nan kuma na fara jin daɗin abin fiye da kima. Na zama 'yar wasan kwaikwayo marar 'yan kallo. In mai labarin tana fushi in yi fushi, in tana kuka in shaƙe murya, in ja hanci. Wani lokaci in sake ɗauka don na ga kukan farko bai fita da kyau ba. (Ku riƙe wannan, don ku san ba wanda ya ja mini sai ni.)

A lokacin ina karanta wani littafin Faransanci, labarin wata ma'aikaciyar ofis da ba ta yi aure ba, tana zaune da mahaifiyarta. Kamar da muka yi da ita ce ma ta sa na saye shi. A tsakiyar labarin likita ya gaya mata tana ɗauke da ciwon da ba ya jin magani, ita kuma ta yanke shawarar ɓoye wa kowa.

Ranar Asabar ɗin na ce wa Inna na tafi karatu, ban faɗi inda za ni ba. Na hau taksi na ƙetare kogi zuwa wani lambu na dangin Madam Zainabu, inda ta roƙar mini izinin zama. Na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, iska na kaɗawa, ba mai kirana. Na karanta babin likitan, ya taɓa ni ƙwarai. Na rufe littafi, na kunna salula, na ba shi haƙƙinsa. Ban taɓa yin ɗaukar da ta kai wannan kyau ba, har da tari na ƙara wanda babu shi a littafin. Na danna turawa, na kashe salula, na jefa ta jaka.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, da safen nan na amsa "amin" a gurup ɗin zuriyar kakanmu. Gurup ne da ya haɗa kowa, daga na Maraɗi zuwa na Yamai har waɗanda ke Abijan, aikinsa addu'ar safiya da sanarwar suna. Wannan amin ɗin ta ɗaga shi sama, ya zauna daidai inda lambata ta saba zama.

Ni kuwa na ci gaba da karatuna. Na ci kopton zogalen da na yi guzuri, na yi sallar azahar, har barci na yi mai daɗi. Na ce a raina, lallai kashe salula rahama ne.

Bayan la'asar taksi ya sauke ni a bakin layinmu. Tun daga nesa na hangi motoci da babura. Na matso, na ga rumfa an kafa a ƙofar gidanmu, kujerun roba, maza zaune sun sunkuyar da kai. Malamai a kan tabarma kowa da izu a hannu. Takalman mata sun cika bakin ƙofa, hayaƙi na tashi daga tsakar gida.

Abu ɗaya ne ya faɗo mini: Inna. Tana da hawan jini, ni kuma na kashe salula tun hantsi.

Ban san lokacin da na ruga ba. Na ratsa mazan nan ban gaishe da kowa ba, na faɗa gida ina kiran "Inna! Inna!" Matan da ke tsakar gida suna ganina suka sa salati, wasu suka fashe da kuka. Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, wadda duk wani taro na danginmu ita ce direbansa, ta taso ta rungume ni.

"Ga ta nan! Alhamdu lillahi, ga ta nan!"

"Gwaggo, yaushe? Lahiya lau na bar ta da safe!"

"Yi haƙuri, ɗiyata. Kowa da ranarsa. Mu ma duk jiran tamu muke."

Shi ke nan, ta tabbata. Na zube ƙasa ina birgima, ina cewa na shiga uku, ina cewa laifina ne. Gwaggo tana shafa kaina tana cewa, "Ba laifinki ba ne, wa ke ɗora wa kansa?" Ina kuka suna kuka, kowa da abin da yake yi wa kukan.

Ina cikin haka aka ɗaga labulen ɗaki, sai ga Inna, mata biyu na riƙe da ita, idanunta sun kumbura.

Na daina kukan. Na kalle ta daga sama har ƙasa. Abin da ya fito daga bakina, a gaban dangi da maƙwabta, shi ne:

"Inna, ba ki mutu ba?"

Ta ce, "Ina ma ni ce, Auta. Ina ma ni ce."

"To wa ya rasu?"

Na dudduba, na ga duk idanun gidan a kaina suke, da irin kallon da ake yi wa ragon layya ana gobe Salla. Sai ga Yaya Sani ya shigo, babban wanmu, ɗan kasuwa, mutumin da ko ranar jana'izar Baba ban ga hawayensa ba. Rigarsa ta jiƙe da gumi, idonsa ja wur. Ya durƙusa a gabana.

"Auta, me muka yi miki da za ki ɓoye mana? Tun safe babu gidan likitan da ban shiga ba a garin nan ina nemanki. Wane lokotoro ne ya duba ki? Ki ba ni sunansa. Na riga na yi magana da wani, ko waje ne za mu fitar da ke. Kawu ma ya hau kar daga Maraɗi, yana hanya."

"Yaya, wane lokotoro? Ni lahiyata lau."

Wata daga bayan taro ta ce, "Allah sarki, har yanzu ɓoyewa take."

Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi. "Daina wahalar da kanki, ɗiyata. Mun ji komai da bakinki." Ta zaro salularta daga lalita, ta ƙure murya, ta ɗaga ta sama kamar mai gwanjo.

Sai na ji an yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar. Tawa ce.

"Shapitir na bakwai," in ji ni, daga cikin salular Gwaggo. Aka ja dogon numfashi. "Yau lokotoro ya gaya mini gaskiya. Ya ce abin ya yi nisa, magani ba zai yi ba. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ina kallon mahaifiyata tana zuba mini abinci, ina cewa a raina, baiwar Allah, ba ki san kwanan nan za ki riƙa dafa na mutum ɗaya ba."

Nan aka yi tarin. (Tarin da na ƙara da kaina. Har yau in na tuna yadda ya fita da kyau sai in ji kamar in mari kaina.) Inna ta sulale ta zauna a ƙasa.

Sai na tuna abin da ke tafe a gaba. Na yi wuf zan ƙwace salular, Gwaggo ta ɗaga hannu sama.

"Abu ɗaya nake nadama," muryata ta ci gaba, a hankali, tana rawa. "Shekara da shekaru ina son maƙwabcinmu, ban taɓa gaya masa ba. Kullum da safe ina leƙensa ta taga yana ba shukokinsa ruwa. Zan tafi kabari da wannan."

Gidanmu maƙwabci ɗaya gare shi. Ɗaya gefen kango ne da ba a gama ginawa ba. Maƙwabcin nan kuwa shi ne Mushe Hamani, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya tun ina ƙarama, Bazabarme mai farin gemu, matarsa ta rasu, jikokinsa sun kusa kai ni tsawo. Kuma, don ƙaddara ta cika aikinta, yana da shukoki a ƙofar gida, yana ba su ruwa kullum da safe.

"Wannan kam ba za ki tafi da shi ba," in ji Gwaggo. "Ku shigo da shi."

Aka shigo da Mushe Hamani. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, da hula, har da turare. Ya tsaya nesa kaɗan, hannu biyu a baya kamar zai ba da darasi, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Madmazel," ya ce, da Hausarsa ta mutanen Yamai, "wallahi ban sani ba. Ni ruwa kawai nake ba shuka. Ni tsoho ne, ga ciwon gwiwa. Amma Hajiya Rabi ta yi mini bayani. In wannan ne zai kwantar miki da rai a kwanakin da suka rage, to na amince. Don Allah."

Gwaggo ta ƙara da cewa, "Malamai na nan, waliyyi na nan, na aika Petit Marché a sayo goro."

Ban san ko akwai wata mace a duniya da aka taɓa amincewa a aure ta saboda tausayi, a gaban danginta, ba tare da ta nema ba, kuma ango yana ambaton ciwon gwiwarsa. In akwai, ina miƙa mata gaisuwa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Koira Kano ta ce ba ruwanta.

Da rarrafe na kai ga jakata da na yar a bakin ƙofa. Na zaro littafin, da gashinsa da komai, na ɗaga shi sama.

"Littafi ne," na ce. Muryar da ta fito ba ta kai rabin ta cikin salula ba. "Labari ne. Matar cikin littafi ce ba ta da lahiya, ba ni ba. Kaina nake tura wa, don in riƙe abin da na karanta. Kuskure na yi."

Kowa ya zuba wa littafin ido.

Gwaggo ce ta fara magana. "To shi shapitir ɗin fa?"

"Wane shapitir?"

"Ciwon mana! Ba ke kika ce ya kai na bakwai ba?"

"Gwaggo, babi ke nan da Faransanci. Babi na bakwai."

Ashe tun hantsi labari ya zaga cewa ina fama da shapitir, kuma ya kai mataki na bakwai. Har an samu wata a Abijan da ta ce shi ya kashe uwar mijinta. Malaman da ke waje da sunansa suke ta roƙon Allah ya kawar. Daga baya na ga wata ɗiyar Kawu da ke jami'a ta rubuta a gurup cewa kalmar nan fa kamar babin littafi take nufi, Gwaggo ta amsa mata da cewa bokon da ba imani a cikinsa asara ne. Yarinyar ba ta sake tofawa ba.

Yaya Sani ya miƙe tsaye a hankali. Ya kalle ni, ya kalli littafin. Ya fita ya shiga motarsa ya zauna, bai tayar ba, bai kuma fito ba sai da aka kira magariba.

Mushe Hamani kuwa wata ajiyar zuciya ya yi da kowa ya ji. Fuskarsa ta washe kamar wanda aka sauke wa buhun gero daga ka.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Madmazel, duk gidan nan ba wanda ya kai ni murna." Sai ya ga yadda maganar ta fita. "Saboda lahiyarki, nake nufi."

A nan wata ta kasa riƙewa ta tuntsire, dariya ta kama gidan kamar wutar kara. Matan da suka wuni suna kuka suka koma riƙe ciki. Malamai suka ce addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, suka shafa, aka kawo musu naman ragon da Yaya ya yanka sadaka. Aka kira Kawu, ya ce sun wuce Dogon Dutsi, kuma ba zai juya ba, zai ƙaraso ya ga mai shapitir da idonsa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna ta tashi ta shige ɗaki. A nan matar Yaya ta ja ni gefe ta gaya mini cewa da aka sa wa Inna saƙon, faɗuwa ta yi, sai da aka kira wata ma'aikaciyar jinya ta auna ta ta ba ta magani. Wannan ya fi maganar Mushe Hamani yi mini ciwo. Na bi ta ɗaki na durƙusa, na ba ta haƙuri da duk kalmar da na sani. Ita kuwa tana ta jan carbi. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi.

Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ita matar, ta mutu?"

"Wace mata, Inna?"

"Ta littafin."

"Ban kai wurin ba tukuna."

"To tashi ki je ki karanta ki zo ki gaya mini. Tunda mun riga mun yanka mata rago, ai ma san yadda ta ƙare."

Haka na riƙa kawo mata labarin babi bayan babi har muka gama, kuma duk lokacin da bakina ya zame na ce "na", sai ta ɗaga carbi ta ce, "Ta. Ki ce ta." Da muka zo inda matar ta gaya wa uwarta gaskiya, Inna ta ce da ta yi haka tun farko da ta huta.

Ran Litinin na tarar labari ya riga ni zuwa biro, don Yamai ba ta da faɗin da muke zato. Madam Zainabu ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Da ta nutsu ta ce, "Amma dai kin riƙe babin?"

Na ce, "Madam, har in koma ga Allah."

Ta ce, "To kin gani."

Sai da na yi wata guda ina fita ta ƙofar baya don kada in haɗu da Mushe Hamani. Shi ma, na lura, ya mayar da ban ruwansa bayan na tafi aiki. Har yau a gurup in na yi shiru kwana biyu sai wani ya tambaya ko shapitir ne ya tashi.

Ban daina dabarar ba, don gaskiya tana aiki. Abin da na koya dai shi ne, in za ka ari bakin wani ka ci albasa, ka fara faɗin sunan mai bakin, ka duba da kyau wa kake hura wa warin, sannan kada ka kashe salula ka kwanta barci a gindin mangwaro.